Shekarar da Kakanku Ya Kama Wankin Filta

Da Sallar da ta wuce, muna zaune a tsakar gida, na ji 'yata Ummi tana gaya wa mijinta wai da na bi shawarar Kaka, da har yanzu muna da gidan burodi. Ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana tsammanin kunnena ya tsufa. Kunnena garau yake, Ummi, gwiwa ce kawai ta gaza. Na haɗiye maganar tare da naman da ke bakina, don ba a tonon silili a gaban suruki, amma har yau tana nan tsaye a maƙogwarona. Wannan zance kun taso da shi, kuna maimaita shi kamar karatun allo, kuma a cikinku ba wanda ya taɓa zuwa ya durƙusa ya ce, Baba, yaya aka yi ne? To, yanzu Kakanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, bakina ya buɗe. Ku natsu ku ji, kada kuma wanda ya katse ni.

Gidan burodin yana bayan gidanmu na Bekaji, katanga ce kawai ta raba su. Da itace na fara gashi kamar kowa, sai hayaƙi ya hana maƙwabta sakat, ni ma ƙirjina ya soma ƙara, na tattara ɗan abin da na mallaka na sayi tanderu mai aiki da gas, wato man dizal. Tankin man yana waje, kusa da mangwaron nan da aka sare daga baya, a ɗore kan ƙafafun ƙarfe. Daga gindinsa bututu ya ratsa bango ya shiga wurin injin da ke fesa wuta cikin tanderu. Tsakanin tanki da bango akwai filta, ɗan kofin ƙarfe da bai fi gwangwanin madara ba, da lallausar raga a cikinsa. Aikinta ta tare datti da ruwan da ke kwanciya a ƙasan tanki, don gas ɗin da ake sayar mana a garin nan, Allah na tuba, wani lokacin har da yashi yake zuwa. Wankinta kuwa ba wani dogon karatu ba ne. Ka rufe famfon tanki, ka tara kwano, ka kwance kofin da sifana, ka zubar da baƙar lakar da ta taru, ka ɗauraye ragar da kananzir, ka duba robar bakin kofin ko ta tsage, ka mayar ka ɗaure, sannan ka buɗe famfo ka bar iska ta fita har mai ya biyo. Doka ɗaya ce tak, ruwa ba ya kusantar wurin. Injin fesa wutar nan yana da nasa ɗan famfo mai tura mai a ciki da wani mitsitsin baki mai suna nozul, kuma su biyun ba sa ga maciji da ruwa. Haka na yi shekaru ina yi da hannuna, ba a taɓa jin kanmu ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda mutanen Mubi da na ƙauyukan bayanta suka gudo daga rikici suka cika Jimeta da ƙullin kaya a ka. Ku manyan kuna tunawa. Wata safiya muka buɗe ƙofa muka ga Kakanku, mahaifin innarku, tsaye, ƙafafu sun kumbura, yayarsa Goggo Dudu tana bayansa, da mata da yara waɗanda ni kaina ban san rabinsu ba. Mutum ɗaya ne babu a cikinsu, kawunku Sa'adu, autansa, wanda suke aikin injin niƙa tare. Sun fito tare, sai ya ce bari ya koma ya kulle ɗakin inji, zai cim musu a hanya. Har yau da nake maganar nan bai cim musu ba. Gida ya cika maƙil, wasu har a tsakanin buhunan fulawa suke kwana, kuma duk bakunan nan tanderun nan ne ke ciyar da su. Ba na gori, Allah ya gani, nasu ne, haƙƙinsu ne. Ina faɗa ne don ku san abin da ke rataye a wuyan tanderun.

Kakanku ya shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, ya juya wa duniya baya. Ba ya magana, ba ya cin abinci. A kai masa kunu, a dawo da shi ya yi sanyi ya daskare. A kai tuwo, ƙudaje su riga shi. Sallah kawai ke tayar da shi, ita ma daga baya sai a zaune. Mutumin da na sani ƙaƙƙarfa, mai ɗaga buhun masara shi kaɗai, ya koma ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Innarku Dija tana kuka a kicin tana cewa albasa ce.

Ku 'yan zamani, da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, sai na yi muku bayani. Ni ban taɓa kiran sunan mutumin nan ba, kun ga ko a nan ban ambace shi ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ko da takalmi a ƙafata ba. Shi ma bai taɓa duban tsabar idona ba, in yana da magana da ni sai ya faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina durƙushe a gabansa. Innarku kuwa 'yar fari ce, kuma kun san fulako, wato kunyar Fulani, a kan ɗan fari. Tunda aka haife ta bai kira sunanta ba, yarinyar nan yake ce mata. Ke nan a duk gidan, mu biyun da ya fi kamata mu yi masa magana, mu ne bakinmu ke ɗinke.

Wata rana da hantsi na zagaya baya in ɗauko sifana, sai na tsaya cak. Kakanku ne tsugune gindin tanki, ya naɗe hannun riga, ga daro cike da ruwa, ga sabulu, ga soso, kumfa har gwiwar hannunsa. Ya kwance filtata yana dirzar ragar kamar mai wankin tukunyar miya. Da ya gama ya ɗaga ta ga rana, ya girgiza kai, ya zaro basilla daga hularsa, ya shiga huda ragar yana faɗaɗa ramukan. Innalillahi! Na ji kamar a tsokar jikina yake hudawa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, karo na farko tun zuwansa da ya amsa da cikakkiyar murya, sannan ya dubi wata jikarsa da ke riƙe masa buta ya ce:

"Ki gaya wa mai gidan nan, inji kamar mutum ne. Abin da ruwa bai taɓa ba, bai wanku ba. Kuma hancin abin nan ya toshe, ta ina mai zai wuce?"

Na ce, "To, Baba. Allah ya saka da alheri."

Me kuke so in ce? Na miƙe na shiga gida kaina na hayaƙi, na sami innarku a kicin, zan fara sauke mata kwandon masifa, sai ta riga ni. Ta nuna mini kwanon sha, wayam.

"Ya sha kunu," in ji ta. "Baban Ummi, ya shanye. Har ya ce a ƙaro."

Tirƙashi.

Kada ku ce Kakanku bai san inji ba, ya sani. Amma injin niƙan da ya yi rayuwarsa da shi irin tsofaffin nan ne masu ƙaton gargare, waɗanda ko ruwan kwata ka zuba musu sai su yi tari su ci gaba da aiki. Nawa kuwa ɗan gata ne, ƙwayar ƙasa ɗaya ta ishe shi zazzaɓi. Tun daga ranar wankin filta ya zama aikin Kakanku na kowace safiya. Abin da nake yi jefi-jefi, shi kullum ne, kamar wankin fuska. Ya wanke, ya huda, ya mayar da ita tana ɗigar ruwa, ya koma tabarmarsa ya zauna yana gadin tanki har faɗuwar rana, ya ci tuwo ya suɗe hannu. A ciki kuwa wuta ta fara atishawa. Ta kama, ta mutu, ta yi baƙin hayaƙi, ta sake kamawa. Burodi ya riƙa fitowa gefe ɗaya ƙonanne gefe ɗaya ɗanye, yana warin gas. Masu shayin da suka yi shekaru suna ɗaukar burodina suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani ma in ya hango ni a unguwar Limawa sai ya shiga gyaran murhu don kada mu haɗa ido.

Za ku ce me ya hana in bi bayansa in gyara? Ta yaya? Mutum yana zaune a wurin wuni guda, in je in kwance aikin da ya gama a kan idonsa? Gara in tsinka masa mari, ya fi sauƙi. In na faki ido ya shiga masallaci na sa sabuwar raga, gobe da safe basilla ta gama da ita. Raga nawa na saya a shekarar nan, mai shagon har tsokanata yake, wai ko miya ake yi da su a gidana.

Na kira Bitrus, makanikin da ya kafa mini tanderun, mutumin Numan ne, ba ya da kunyar kowa a bakinsa. Ya kwance injin, ya zuba abin da ke cikin famfon a tafin hannunsa ya nuna mini, ruwa ne ja da tsatsa.

"Oga, wane ne yana ba injin nan ruwa? Kifi ne kana kiwo a ciki?"

Na ja shi gefe na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, shi ba surukinsa ba ne, yanzu zai je ya faɗa masa. Na ce Allah ya yi maka albarka. Na laɓe bayan taga ina kallo. Ya je da ƙarfinsa, ya tsuguna, suka gaisa. Kakanku ya matsa masa a tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa, ya shiga ba shi labarin injin niƙa, da yadda ya koya wa Sa'adu ɗaura bel tun bai kai tsawon injin ba. Na ga kan Bitrus yana sunkuyawa, yana sunkuyawa. Da ya taso ya zo ya wuce ni yana tattara kayan aikinsa, ko kallona bai yi ba.

"Oga, ka yi haƙuri. Bakina ya ƙi. Ni zan zo ina wanke maka famfo kyauta, amma tsohon nan, a'a."

Kun ji jarumin da na aika.

Saura Goggo Dudu, ita kaɗai ce a duniya za ta iya ce masa bari ya bari, tunda ita ta goye shi. Na saya mata goro, na je na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, daga tsadar fulawa zuwa halin da gari ke ciki, har na iso kan filta. Ta saurare ni tsaf tana ɓantarar gorona. Da na gama ta ce:

"Ɗan nan, ƙarfe kake kawo mini ƙara a kansa? Ƙanena ya dawo daga bakin kabari, kai kana zancen raga. In ƙarfen ya lalace ba a sayar da wani a kasuwa? Shi fa, a wace kasuwa za ka sayo mini?"

Na ce, "Goggo, ƙarfen nan shi ke ciyar da mu duka."

Ta ce, "Allah ke ciyarwa."

To, wa zai yi musu da wannan? Na tashi na bar mata sauran goron.

Dabara ta ƙarshe, na cire bututun daga ciki a ɓoye, na tsoma shi a jarka, injin ya riƙa sha daga nan, tankin waje ya zama hoto. Ko wannan da wuya na yi, don lokacin duk wanda aka gani da jarkar mai sai ya yi bayani a shingen sojoji har ya gaji. Wuta ta daidaita, burodi ya yi kyau, na ce alhamdulillahi, na huta. Ashe an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kakanku ba yaro ba ne. Ya kwance kofi ya ga babu sabon datti, ya ƙwanƙwasa tanki ya ji man bai ragu ba. Ya mayar da kofin, ya ɗauraye hannunsa, ya koma tabarma ya juya baya. Da rana kwanon tuwo ya dawo yadda aka kai shi, washegari ma haka, wanshekare ma haka. Innarku kuwa, da ma ta yi faɗa da ya fi mini. Sai dai ta ajiye kwanon a inda zan gani, ta ɗaga murfin, ta wuce. Na je da kaina na mayar da bututun, ina yi ina zagin sifana.

Bitrus ya riga ya canja mini famfo sau ɗaya, da ƙyar aka samo shi daga Kano, kuma ya gaya mini gaskiya, in wannan ya tafi ba shi da inda zai samo wani, ni ma ba ni da abin sayensa. Ranar da muka zubar da gashi guda cur, ko almajiran unguwa ba a iya ba wa ba sai awaki, na ce yau kam ta ƙare. Kunya ba za ta ciyar da gidan nan ba. In duniya za ta zage ni ta zage ni, gobe zan faɗa masa da bakina. Na shirya maganata tsaf, mai ladabi, har da inda zan sa Allah ya ba ka haƙuri.

Da safe na zagaya. Yana tsugune a wurinsa, shi kaɗai, yaran duk sun tafi ɗibar ruwa. Na tuɓe takalmi, na matso ta bayansa, sai na ji yana magana. Na ɗauka da wani yake, na duba, ba kowa. A hankali yake yi, cikin Fulatanci, da irin muryar da ake yi wa yaro.

"A'a, Sa'adu, ba haka ba. Sannu-sannu ake kwancewa, kada ka cinye zaren. Yawwa. Ka ga dattin? Kullum ina gaya maka."

Na durƙusa. Maganar da na kwana ina shiryawa tana nan a kan harshena, wallahi tana nan. Na yi gyaran murya. Bai waiwayo ba, sai kawai ya miƙo hannu ta gefe da ragar a ciki, ya ce:

"Riƙe nan."

Tun da na auri 'yarsa, wannan ce magana ta farko da ya yi mini kai tsaye ba ta bakin wani ba, kuma na san ba da ni yake ba. Na karɓa. Na riƙe ragar da hannu biyu, ya ɗauki buta ya tsiyaya mata ruwa, ruwan yana bi ta tsakanin yatsuna yana sauka a daro. Ya ce juya, na juya. Ya zaro basilla ya huda, ni na tallafe masa don kada ta goce. Ya mayar da ita cikin kofi a jiƙe sharkaf, ya ɗaure, ya buɗe famfo, ni ina kallo. Raina yana tafasa, idona kuma yana zubar da hawaye, har yau ban san wanne ya fi yawa ba. Ya ce madalla, jeka. Na ɗauki takalmina na tafi.

Famfon bai kai ƙarshen watan ba. Wata rana da azahar wuta ta yi tari ta ɗauke, Bitrus ya zo ya buɗe ya duba, ya mayar da murfin a hankali kamar mai rufe fuskar mamaci. Na yi ta buga-buga, na gwada komawa itace, amma masu shayi sun riga sun kama wani wuri, buhunan fulawa kuma cikin gida ya cinye su. Daga ƙarshe na sayar da tanderun, aka zo da mota aka kwashe. Ni da nake da ma'aikata, na je na nemi aikin kwaɓa fulawa a gidan burodin wani a Jimeta, da furfurata, ina amsa sunan Baba tsoho a bakin yaran da na girmi iyayensu. Da wannan aka ci gaba da ɗora tukunya. Tankin ban sayar ba sai daga baya, na bar shi da ɗan sauran mai a ciki, Kakanku ya ci gaba da wankinsa kowace safiya yana cin tuwonsa. Da ya tambayi Goggo me ya kashe injin, ya ba kansa amsa da kansa, wai tun farko an bar shi da datti ne, shi ya zo a makare. Daga nan kuka samo karatunku.

Da hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa, ya ce shi ma zai tafi ya ga abin da ya rage na gidansa, ko Allah zai sa a ji labarin yaron. Muka raka shi tasha da safe, ni da innarku, da Bitrus da ya ɗauko masa kaya a keke. Ya yi ƙiba, kumatunsa sun dawo, yana ta yi wa kwandasta faɗa a kan yadda ake ɗaure kaya. Na durƙusa a gefen mota, cikin ƙurar tasha da man da ya zuba, na yi masa Allah ya kiyaye hanya. Ya dubi Bitrus, ni ina nan a gabansa, ya ce:

"Ka gaya wa mai gidan nan, na gode da riƙo, Allah ya biya shi. Amma aikin inji ba na kowa ba ne. Na yi iyakar ƙoƙarina a kan abin nan. Ya yi haƙuri ya nemi sana'ar da zai iya."

Bitrus ya dube ni, bakinsa a buɗe. Na ga magana ta taso masa, na harare shi ya haɗiye ta.

Na ce, "Ka ce masa na ji. Na gode."

Ya kama ƙofar mota ya haye da kansa, kwandasta ya miƙo hannu zai taimaka masa ya ture hannun. Muka tsaya har motar ta fita daga tasha. Innarku tana gefena, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ba ta dube ni ba ta ce:

"Da ƙafarsa ya hau."

Na ce, "Na gani."

Na sa ta a keke mai ƙafa uku ta koma Bekaji. Ni kuwa na wuce wurin aiki, na tarar an riga an fara kwaɓi, mai gidan burodin ya tsayar da ni a bakin ƙofa, a gaban yara, ya wanke ni tas a kan makara.